Tatsuniyar da na sato ta bayan zana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da zaman lallen 'yar Malam Buba mai jima ba. A shekarun da aka gama yaƙin Jamus, duk Azare babu bikin da ake yi ba a aiko mini da goro in zo in yi wa mata tatsuniya ba. Har Udubo an taɓa ɗora ni a jaki aka kai ni. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne rumbun tatsuniyoyina ya ƙare. Duk wadda na ɗauko, kafin in kai tsakiya sai in ji wata tana ƙarasa mini ita ƙasa-ƙasa.

Sai aka kawo wani sabon malamin elementare da ke karanta wa yara tatsuniyoyin Jamusawa daga littafi, da rana tsaka. Na zage shi a bakin rijiya, na ce mai tatsuniya da rana ba ya gamawa lafiya, kuma labarin da aka kwantar a takarda gawa ne. Kwana uku da faɗin haka, sai ga ni tsugune a bayan zanan makaranta ina tsinkar rama (ramar da ko akuyata ba ta ci).

Labarin kuwa ya shige ni. Wata yarinya ce aka mai da yayyenta tsuntsaye, ba za su dawo mutane ba sai ta kame bakinta ta saƙa musu riguna. Kullum malamin kaɗan yake karantawa. Ran Alhamis ya tsaya daidai inda aka ɗaure ta za a cinna mata wuta. Da yammar ranar aka yi zaman lallen.

Na mai da tsuntsayen balbelu, na kai gidansu bakin kogin Katagum, na kuma rantse da kabarin kakata cewa daga bakinta na ji. Tsakar gidan ya yi tsit, har mai kwaɓa lalle ta saki ƙwaryarta. Rabona da irin wannan shirun na manta. Na isa wurin wutar da niyyar ƙirƙiro sauran, sai muka haɗa ido da Uwani, matar malamin. Kaina ya zama fanko. Na yi tari, na nemi ruwa, na sha, na sake nema.

Uwar amarya ta ce, "Goggo, sai aka yi yaya?"

Uwani ta sunkuyar da kai, cikin ladabi ta ce, "Ku yi wa Goggo haƙuri. Malam bai kai nan ba tukuna, sai Asabar."

Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Sai kowa ta koma duban lallen ƙafarta. Wata tsohuwa ta tambaya ko kakata Bajamushiya ce, kuma wallahi da gaske take tambaya.

Ba a daina gaishe ni ba, goron ne ya daina zuwa. Abin da ya fi ci mini rai, ko na ɗauko ta kakata ta ainihi, wadda na sha tun ina goye, sai in ji an ce, "Ita ma wannan ta littafi ce?" Ga shi duk wadda za ta shaide ni tana ƙasa.

Shawarata ga mai niyyar satar tatsuniya: ta daure ta tsuguna har a kai ƙarshe, ta kuma bar kakarta ta huta a kabari.