Ranar da Na Kaɓe Goron Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan a fadamar Kaoje ba, ko na so ma manoma ba za su bar ni ba.

Ina sabon malamin gona aka tura ni in koya wa masu noman shinkafa aiki da maganin ciyawa, mai dafin nan da kurɓa ɗaya ke kai mutum lahira. Jama'a sun taru, har da Dendawa daga tsallaken Benin. Na sha takalmin roba, safar hannu da takunkumi, sai feleƙe nake kamar ni na ƙirƙiro maganin. Ina dama shi a tankin feshi ina cewa, "Hannun da ya taɓa wannan, kada ya taɓa mutum ko abinci sai an wanke da sabulu!"

Ban rufe baki ba sai ga Alhaji Mamman, mahaifin Hadiza da aka sa mana rana. (Wanda suruki bai taɓa yi wa ba-zata ba, kada ya yi mini dariya.) Kaina ya ɗauke wuta. Na zube ƙasa, ya miƙo hannu, ni kuwa sakarai na cafke da hannu bibbiyu, safa sharkaf da magani.

Sai da ya zaro goro ya ɓare ya nufi baki, sannan hankalina ya dawo. Ko in bar tsoho ya ci guba, ko in yi abin da zai rushe aurena. Wallahi ban san sanda na yi tsalle na kaɓe hannunsa ba. Goro ya faɗa laka.

Wani ya ce, "Innalillahi! Ya bugi surukinai!"

Alhaji ya ce, "Yaro, mi na yi maka?"

"Baba, guba... ni na shafa muku."

Na tuɓe safa na durƙusa ina wanke masa hannu da sabulu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wanda ya hana ni goro don kar in mutu, ba ya wulaƙanta ɗiyata. Tashi, wanga gumi ya isa."

An ɗaura aure lafiya. Yau a Kaoje in mai feshi ya miƙo hannu, sai ka ji an ce, "Wanke tukuna, kar a yi irin ta malamin gona!" Abin da bakina ya kasa koyarwa, abin kunyata ya koyar. Ni ma na ɗauki nawa: girmama suruki wajibi ne, amma a fara cire safa.