Rasuwar Ɗan Kyauta, VPN Ɗin Mai Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, mai shagon askin ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar VPN ɗinsa, wanda aka fi sani da Ɗan Kyauta.

Marigayin, manhajar kyauta ce, ya shigo wayar mai aski ne da alƙawarin ɓoye shi daga idon duniya a intanet, ya kuma buɗe masa tashoshin ƙwallon da aka toshe, ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Mai tawali'u ne. Abin da ya roƙa kawai shi ne izinin shiga hotuna, da lambobin mutane, da saƙonni. Mai aski ya danna "na yarda", almakashi a ɗaya hannun. Ashe kura aka ba ajiyar nama.

Za a daɗe ana tuna muryarsa, yadda yakan katse wasa daidai lokacin bugun fanareti ya ce, "Barka! Kai ne ka yi nasara yau!"

Ciwon ajali ya fara da zazzaɓi. Waya ta riƙa zafi kamar dutsen guga, batir yana tsiyayewa tun kafin rana ta take. Sai wata safiya duk wanda ke da lamba a wayar ya tashi da saƙo da sunan mai aski, ana tallar man tsirar da gashi cikin gaggawa. Cikinsu har da surukinsa, dattijon da ya yi shekaru yana rufe sanƙonsa da hula, ba wanda ya taɓa ambata masa shi. Ba a bar shi da saƙo ɗaya ba, kullum sai an tuna masa. Dattijo ya koma aski a shagon tsallaken titi, inda mai aski ke hangen ƙeyarsa ta madubi.

Mai gyaran waya ya duba, ya ce marigayin bai taɓa ɓoye kowa ba, tallan maigidansa yake yi ga duk mai saye.

Ya rasu ya bar tallace-tallace marasa adadi, da batir guda a kumbure, da maiɗakin mai aski wadda saboda fushin abin da aka yi wa mahaifinta har yanzu take amsa gaisuwar mijinta da ka kawai.

Za a yi jana'iza gobe a shago, bayan an share gashi. Mai aski da kansa zai danna "goge". Ana roƙon masu ta'aziyya kada su turo sunayen ƙannen marigayin don maye gurbi. Wasiyyarsa ta ƙarshe ita ce a ba shi taurari biyar kafin a binne shi. Iyalai sun amince da ɗaya, shi ma don babu wurin danna sifili ne.