Bututun da Ya Yi wa Kowa Biyayya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan tsufa in riƙa rikita sunayen jikokina, da ranar da aka buɗe sabon injin casar shinkafa na Alhaji Sale a Kura. Har yau idan na hango tarin ɓuntu daga nesa, sai in ji bayan wuyana ya fara ƙaiƙayi.

Ni mai walda ne da aikin kwano. A Kano na koyi sana'ar, a wani shago da ke haɗa bututan iska na masana'antu, sannan na dawo gida da ɗan injin waldata da kuma kai mai girman tulu. Baba kuwa manomin rani ne, gonarsa na bakin hanyar ruwa ta wajen Bunkure, kuma a ganinsa walda wasa da wuta ne da ƙarti suka mayar sana'a. Da Alhaji Sale ya ba ni aikin bututun injinsa, sai Baba ya yanke hukunci a gaban kowa a tsakar gida: "Je ka gwada. In ya yi, na sakar maka mara. In bai yi ba, ka ajiye wannan tartsatsin ka zo mu yi dashe." Ni kuwa, Allah ya gani, na fi son a ɗaure ni da in koma tsayuwa cikin taɓo daga safe har azahar.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Idan inji ya ɓare shinkafa, akwai wata babbar fanka da ke hura ɓuntun ta cikin bututun kwano ta kai shi waje, don kada ya shaƙe ma'aikata ko ya koma cikin tsabar shinkafa. Maigidana na Kano ya sha nanata mana cewa iska ba ta son shan kwana. Duk inda ka sa gwiwa, wato inda bututu ya lanƙwasa, to ka rage mata ƙarfi. Gwiwa mai kaifi ta fi mai faɗin lanƙwasa cin iska, haka ma idan ka tsuke bakin bututu kwatsam. In ƙarfin ya ragu, ɓuntu ba ya tashi, sai ya kwanta a kwana ya yi ta tara 'yan'uwansa. (Ina so mai karatu ya riƙe wannan: na sani. Na haddace shi kamar karatun allo. Ba jahilci ne ya kai ni ba.)

Don haka tsarina na farko miƙaƙƙe ne sak, daga fanka ya huda bangon gabas ya fita. Ina cikin huda bangon, ina ta wani fito don daɗi, sai ga Malam Habu, mai makarantar Islamiyyar da ke maƙwabtaka, wanda a hannunsa na sauke Alƙur'ani. Ya tsaya ya dubi ramin, ya dubi tagar makarantarsa.

"Ɗan nan, wannan bakin ina ya dosa?"

"Allah ya gafarta Malam, nan gabas kaɗan."

"Wato kan yarana."

To ku gaya mini, da wane baki zan ce wa mutumin da ya koya mini alwala iska ba ta son kwana? Na durƙusa na ce, "An gama, Malam." Na yanka kwano na sa gwiwa, bututu ya juya kudu. Na lallashi kaina cewa gwiwa ɗaya ba ta kashe fanka, kuma gaskiya ne.

Sai dai a kudun nan ne Gwaggo Asabe, yayar Baba, take shanya shinkafar da ta turara, ita da sauran mata. Ba ta ma yi mini sallama ba. Daga bakin ƙofa ta fara: "Kai! Ni da na goya ka har ka yi mini fitsari a baya, ni za ka zuba wa ɓuntu a shanya? Haka aka koya maka a birnin?" Kafin ta kai ƙarshe na ce an gama. Na ɗaga bututun sama ya haye rufi, na kwantar da shi, na sake sauko da shi ta yamma. Gwiwoyi suka ƙaru, amma Gwaggo ta aiko mini da fura mai sanyi ta ce ni ɗan albarka ne, sai na ji kamar ma iskar za ta fahimta.

Alhaji Sale shi ma ya leƙo. Shi ba ƙura ce ta dame shi ba, kyan gani ne. Ya ce waɗannan manyan lanƙwasoshi sun yi kama da macijin da ya haɗiye ɓera, ga su sun tare allon sunan kamfani. "Injiniya, matse su mana su bi bango tsaf, irin na ginin birni. Kuma wannan na saman rufin a rage masa ƙiba." Wallahi kalmar "Injiniya" ce ta gama da ni. Ban taɓa jin an kira ni da ita ba, sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Na cire gwiwoyi masu faɗi na sa masu kaifi, na tsuke bututun, na bi shi da fenti shuɗi. Ya yi kyau, kada ma ku ji. Har hoto na ɗauka na sa a waya.

Ana gobe buɗewa Baba da kansa ya zo, hannu a baya, bai ce ya yi kyau ba bai ce bai yi ba. Ya bi bututun da ido tun daga fanka har ƙarshe, sai ya tsaya cak.

"Wannan bakin ai hanyar ruwa yake kallo. Ruwan jama'a za ka toshe da ɓuntu?"

A cikina na san bututun nan ya riga ya cika da kwana, ko numfashi da kyar zai bi ta ciki. Bakina ya buɗe zai faɗa, amma abin da ya fito shi ne, "Yanzu zan juya shi, Baba." Na ƙara gwiwa ta ƙarshe.

Da yamma na kunna fankar ba komai a ciki, na zagaya na sa tafin hannu a bakin fita. Abin da na ji bai fi numfashin jariri mai barci ba. Na ce janareta ce ba ta da ƙarfi yau. (Janareta lafiyarta ƙalau, tana ta ruri kamar za ta tsaga ƙasa.) Na so in gwada da shinkafa, amma Alhaji ya riga ya kafa doka: ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga injin ba sai malamai sun yi addu'a. Ni ma, don kada in ɓoye muku, dokar ta yi mini daɗi.

Ranar buɗewa kuwa, kai, gari ya cika! Masu injina daga Kura da Bunkure da Garun Malam, dillalan shinkafa, babura da adaidaita-sahu an jera su har bakin titi. An kafa rumfa a jikin bangon injin, an shimfiɗa tabarmi, an jera farantan dafa-duka da kaji. Na sha sabuwar farar shadda da ta sha guga, na kafa hula, na fesa turare har sau biyu don na manta na fesa na farko. Ina ta kai da komo, kowa na miƙo mini hannu. Alhaji ya riƙo kafaɗata ya ce wa jama'a, "Ga injiniyanmu, ɗan gida ne, ba sai mun je Kano ba." Na saci kallon Baba, na ga yana gyara zaman hularsa, abin da yake yi ke nan idan abu ya yi masa daɗi ba ya son a gane. Farin ciki ya kusa sa ni kuka.

Har jawabi na yi. Ni! Na ce wannan bututu na zamani ne, an tsara shi yadda ba zai dami kowa ba. Malam Habu ya gyaɗa kai, Gwaggo ta rangaɗa guɗa daga wajen mata.

Aka yi addu'a aka shafa, aka juye buhun farko, inji ya ɗauka. Farar shinkafa ta fara zubowa, jama'a na ta kabbara. Sai wani daga cikin masu injinan ya ce a je a ga yadda ɓuntun ke fita, ai shi ne sabon abu. Na ja gaba ina taku ɗai-ɗai, suka biyo ni muka zagaya. A bakin bututun muka tarar da wata kaza ta yi kwanciyarta a inuwa, ko gashinta ɗaya bai motsa ba. Muka tsaya muna kallon kaza, kaza na kallonmu. Can sai ɓuntu ya faɗo, ɗan abin da bai cika cokali ba.

"Yana hanya," in ji ni. "Tafiyar da ɗan nisa."

Aka koma rumfa aka zauna cin abinci, ni kuwa kunnena na kan fankar. Muryarta ta sauya, ta koma gurnani, bututun ya fara rawa a jikin bango. Akwai wata 'yar ƙofa da na yi a gwiwar farko don leƙawa idan an kashe inji. Idan an kashe inji, na ce. Amma kashe inji a gaban baƙi ai tonon asiri ne, don haka na matsa a hankali ina murmushi, na ce wa na kusa, "Ƙaramin abu ne," na zare sakatar.

Ban san rumfa 'yar ƙofar take kallo ba sai a lokacin.

Duk ɓuntun da ya taru tun buhun farko, da duk iskar da ta rasa hanya, suka fito lokaci guda, fuuu! Ni na fara karɓa a fuska, hulata ta yi sama, sauran ya wuce ta kaina ya sauka a rumfa. Ban ga komai ba, sai dai na ji salati da tari da ƙarar faranti. Kafin a kashe injin, dafa-duka ta koma abincin kaji, rawanin Malam Habu ya zama ruwan ƙasa, Alhaji na tofar da ɓuntu yana neman tabaransa. Manyan mutane masu jikoki suna susa kamar yara. Daga wajen mata na jiyo Gwaggo tana cewa, "Gara ma da ya zuba a shanyar!" Ni kuwa ina tsaye da 'yar sakata a hannu, farar shaddata ta koma kalar buhu, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ni na goyo Baba a babur zuwa gida. Muka bi gefen hanyar ruwa, ina kallon gonakin da ake dashe ina zaɓar wadda zan fara. Sai da muka yi nisa ya yi magana daga bayana.

"Ka san ba zai yi ba?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun a kan Gwaggo."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Baba, ku ne fa. Ga Malam, ga Gwaggo, ga ku."

Na ji yana kakkaɓe gemu. Sannan ya ce, "Tsaya." Na taka birki. Ya sauko ya tsaya a gabana, ɓuntu har cikin girarsa.

"Mu ba mu san iska ba, kai aka tura ka koyo. Kunyar da ka ji mana, ga ta nan a cikin rigata tana cizona. Gobe ka koma ka ce mana a'a, mu duka. Fara da ni. Na ce ka juya bakin bututun nan."

Na dubi ƙasa, na dubi sama. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗa masa wannan kalma ba. Na durƙusa a gefen babur, na ce, "Baba... a yi haƙuri... ba zai yiwu ba."

"Ban ji ba."

"A'a, Baba!"

"Madalla," in ji shi, ya haye babur. "Ja mu je, jikina ƙaiƙayi yake."

Alhaji ya yarda na sake aikin, bisa sharaɗin kada in ƙara yin jawabi. Na sauke macijin nan gaba ɗaya, na sa gajeren bututu mai faɗi da lanƙwasa ɗaya mai laushi, ya zube cikin wani rufaffen ɗaki da muka gina don tara ɓuntu. Bai kalli makaranta ba, bai kalli shanya ba, bai kalli ruwa ba. Ashe tun farko abin da ya kamata in zauna in yi tunani ke nan, maimakon rabon "an gama".

Ban koma dashe ba. Sunan Injiniya dai ya bi ni, sai dai a Kura ba a faɗinsa sai an haɗa da ɓuntu. Yanzu idan dattijo ya ce in ƙara gwiwa, nakan cire hula in durƙusa har ƙasa in ce, "Ranka ya daɗe, ni na yarda. Iskar ce ba a yi mata tarbiyya ba."