Ranar da Alhaji Ya Haihu

Wataƙila na manta wasu abubuwa, amma ga abin da nake tunawa. Na tsinci muzuru a bakin gota a unguwarmu ta Nima, na sa masa suna Alhaji. Da ya fara ƙiba, na yi bincike a waya da digirina, na yanke cewa teɓa ce. Na hana maƙwabciyarmu Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ba shi kan kifi.

"Ɗana, ka duba cikin nan da kyau," in ji ta.

Na ce mata ai na karanta.

Ashe a ɓoye take ba shi, Allah ya saka mata. Ranar Juma'a Alhaji ya haifi 'ya'ya huɗu lafiyayyu cikin akwatin takarduna.

Har yau 'yan gidanmu suna tambayata, "Dokta, yaushe suna?"

Wanda ya shaida, in na yi kuskure, don Allah ya gyara mini. Ina jin dai huɗu ne.