Ranar da Aka Auna Ni Kamar Buhun Citta

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ba, ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu. Ita ce ranar da rabin garin Kafanchan ya san nauyina, har da ɗan rabin labar da ke kai, alhali ko uwar da ta haife ni ban taɓa gaya wa ba. Kuma ba wanda ya tona min asiri. Ni na tona wa kaina, da bakina, ina tsalle ina murna.

Bayan na gama sakandare na sami aikin buga tafireta a wani ofis kusa da tashar jirgi. Aikin zama ne daga safe har la'asar, ga masu ƙosai da masu soyayyar doya suna giftawa ta bakin taga kamar an aiko su musamman. Kafin shekara ta zagayo, siket ɗina na makaranta ya zo cinya ya ce shi kam nan ne tasharsa. Kirsimeti ya zo ya ƙarasa sauran aikin. Mama kuwa murna take yi. "Yanzu kin zama mutum," in ji ta. "Da kina nan kamar karan dawa, mutane suna cewa ba ma ba ki abinci."

To ni ba ra'ayin Mama nake nema ba. Na Bulus nake nema.

Bulus akawu ne a rumbun kaya na tasha, shi ke auna duk abin da za a loda wa jirgi. Dogo ne, mai farar riga, kullum da alli a bayan kunne, kuma yana cikin mawaƙan cocinmu. (Bai taɓa ce min komai ba sai "Sannu, 'yar'uwa." Amma da kun ji yadda yake faɗa.) Na yanke shawara: laba ɗari da sittin da takwas ɗin da nake ɗauke da shi sai ya koma ɗari da hamsin kafin bikin Ista. Wannan lamba kuma ba mai jin ta daga ni sai Allah sai Sista Rifkatu. Bulus kam, ko a mafarki.

Sista Rifkatu ƙawar yayata ce, tana aiki a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyata ta zuwa ofis, inda suke da sikelin auna masu ciki. Na daina cin tuwo da yamma. Na koma shan ruwan zafi da lemun tsami har haƙorana suka fara ƙara. Na tono igiyar tsallena ta makaranta, ina tsalle a bayan gida da sassafe, kajin Mama suna gudu suna kuka. Kowace safiya kuma sai in biya asibiti in hau sikeli.

Nan ne haukan ya fara. Litinin na rage laba biyu, na tafi ofis ina waƙa. Talata laba ɗaya ta dawo. Laraba ban ci komai ba sai gauta uku da faten acca rabin kwano, Alhamis na hau, sai ga ƙarin laba biyu! Daga ina? Daga gauta? Na cire takalmi. Na cire ɗankwali. Na cire 'yan kunne (ku yi dariya, na yarda). Na tsaya da ƙafa ɗaya. Allurar nan ko gezau.

"Sista, sikelinku ya lalace."

"Kanki ne ya lalace," in ji ta. "Ke, jikin mutum ba buhun siminti ba ne. Kin sha ruwa, zai nuna. Kin ci gishiri, zai nuna. Kwanakinki na wata sun matso, zai nuna. Ba kitse ba ne duk abin da kika gani. Ki ba shi lokaci."

"Lokaci nawa?"

"Watanni."

"Watanni! Ista fa saura mako tara."

Ranar da ta same ni na shiga gaban wata mai ciki wata takwas a layi, sai ta kafa min doka: sau ɗaya a mako, ranar kasuwa da safe, in ba haka ba za ta kai ni ƙara wurin yayata.

Ranar da abin ya faru, na hau da safe aka ce ɗari da sittin da shida. Mako uku na wahala, laba biyu kacal. Haushi ya sa da rana na sayi doya da yaji na cinye, na bi da kofi biyu na kunun gyaɗa, na ce in za a mutu a mutu da ƙoshi. Daga nan na tafi isar da saƙon Mama wurin Kawu Danladi.

Kawu Danladi ƙanin Mama ne, yana da sito a gefen kasuwa inda yake sayen busasshiyar citta daga hannun manoma. Lokacin kaka ne na citta, wurin ya cika maƙil. Mutanen Kwoi da na wajen Zonkwa sun yi layi da buhunansu, ƙamshin citta yana sa kowa atishawa. A bakin ƙofa ga ƙaton sikelinsa mai faranti, wanda ake ɗora buhu a kai. Kawu ya shiga ciki neman igiya. Farantin ba kowa. Ni kuma ga ni, mace mai ƙishin sikeli, an hana ni na kwana bakwai.

Na waiga dama, na waiga hagu, na haye.

Ɗari da hamsin da bakwai.

Na sauka, na sake hawa. Ɗari da hamsin da bakwai! Zuciyata ta buga kamar gangar matan zumunta ta cocinmu. Na ce ashe haka abin yake, lemun tsamin taruwa yake yi ya yi aikinsa gaba ɗaya. (Ni ce fa na ci lissafi da kyau a jarrabawa. Doyar nan ko sauka ba ta gama yi ba, amma ko sau ɗaya hankalina bai tambaye ni ba.)

"Kawu! Kawu, fito ka gani! Laba tara! Da safen nan aka auna ni a asibiti, yanzu sikelinka ya ce na rage laba tara! Tara, Kawu! Tun safe!"

Ina tsalle a kan faranti, allura tana rawa, ina rawa. Sai da na yi juyi biyu kafin na lura atishawa ta tsaya. Ba mai tari, ba mai motsi. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa da igiya a hannu, fuskarsa kamar wanda ya ga jirgi ya baro layi ya nufo shi.

Wata tsohuwa 'yar ƙarama da ke zaune a kan buhunta ta miƙe. Daga baya na ji ana kiran ta Kaka Ladi. "Yarinya," in ji ta, "sake faɗi. A asibiti nawa, a nan nawa?"

"Kaka, rabu da ita," Kawu ya yi sauri. "Yarinya ce, ba ta iya karanta sikeli ba."

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Ƙofa ce Kawu ya buɗe min, ya buɗe wa kansa. Amma a ce ban iya karatu ba? A gaban mutane?

"Ni ce ban iya ba? Kawu, shekara biyar na yi a sakandare! Ga allura, ga lamba, kowa ya zo ya duba!"

Suka zo kuwa. Wani malamin firamare da ya kawo cittar babansa ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya karanta da muryar aji: "Ɗari da hamsin da bakwai." Wannan ne karo na farko da na ji lambata a bakin wani ba Sista ba, sai na ji kamar an yaye min zane. Amma na daure, don lambar ƙarya ce mai daɗi.

"Laba biyu na buhu ne," in ji Kawu. "Kowa ya san ana cire na buhu. Haka ake yi tun zamanin iyayenmu."

"Mun san na buhu," in ji Kaka Ladi. "Sauran bakwai fa, na wane ne? Kuma wannan yarinya a cikin buhu ka gan shi?"

Aka kwashe da hayaniya. Wani ya ce a kai buhu ɗaya tasha a gwada a sikelin gwamnati. Wani ya ce a'a, za a ce an zubar da citta a hanya, ko an ƙara. Sai Kaka Ladi ta kama wuyan hannuna. Hannun mai noman citta, jama'a, ba hannu ba ne, tarko ne.

"Ga abin da ba ya zubewa a hanya," in ji ta. "Mu kai shi tasha."

Tasha. Sikelin gwamnati. Sai a lokacin kaina ya gama haɗa lissafin wanda ke tsaye a bayan wannan sikelin.

"Kaka, ina da aiki a ofis."

"Mu ma aiki ne ya kawo mu."

"Kaka, ina jin fitsari."

"Riƙe! Kada a bar shi ya rage ko ɗigo. Kada kuma wani ya ba shi ruwa!"

Haka muka ratsa kasuwa. Ni a gaba, tsohuwa riƙe da ni, manoma kusan talatin a baya, Kawu can ƙarshe yana ta rantsuwa. Masu tumatir suka bar tumatir. Wata Bafulatana mai nono ta tambaya ko ɓarauniya aka kama, aka ce mata a'a, awo za a kai ta, ta ɗauki ƙwaryarta ta biyo mu. Ina tafe ina addu'a: Ya Ubangiji, ka sa Bulus ya tafi cin abinci. Ka sa an tura shi Jos. Ka sa zazzaɓi ya kama shi, ƙarami dai, na yini ɗaya.

Yana nan. Farar riga, alli a kunne, yana cikin auna buhunan doya.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji shi, yana kallon rundunar da ke bayana. "Lafiya?"

Malamin firamare ya yi masa bayani. Bulus ya sosa ƙeya. "Ai wannan sikelin na kaya ne."

"Yau wannan kaya ne," in ji Kaka Ladi, ta tura ni.

Na hau. Na shanye ciki, kamar zai taimaka. Na rufe ido. Na ji shiru, na ji jirgi yana huci can nesa, sai na ji muryar da nake zuwa koyon waƙa dominta, ta tashi yadda take tashi kullum a bakin aiki, don lebura na ƙarshen rumbu ya ji:

"Ɗari da sittin da tara da rabi!"

Kafin in buɗe ido na ji wani abu yana gogar kafaɗata. Hannun Bulus ne. Duk kayan da ya auna, yakan rubuta nauyin a jikinsa da alli, sau ɗari a yini, shekara da shekaru. Hannun bai jira izinin kai ba. Ya riga ya rubuta ɗaya da shida a kan shuɗiyar rigata kafin ya farga, ya yar da allin kamar garwashi.

Rumbun nan ya ɗauka. Guɗa, tafi, wani har da buga buhu. Ni kuwa, a duk maganganun duniya, abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ai da takalmi na hau!"

"Cire," in ji Kaka Ladi.

Na cire. Rabin labar ya tafi. Aka sake yin tafi.

Yinin ranar Kawu ya kwashi cittar mutane a kura ya kai tasha aka sake awo buhu-buhu. Ya ce ƙarfen cikin sikelin ne ya gaji. Wataƙila haka ne, ban sani ba, amma ƙarfen da ya gaji bai taɓa gajiya ta ɓangaren manomi ba. Bai sake taka gidanmu ba sai bayan damina ta sauka. Mama ta yi min faɗan tozarta ɗan'uwanta na kusan awa ɗaya, sannan ta sassauta murya ta ce, "Amma ɗari da saba'in ba ɗaya? Kai, Allah mun gode." A kasuwa kuwa suna ya bi ni: Buhu da Rabi. Mako na gaba Kaka Ladi ta aiko min da tukuici, ƙwaryar acca da doya biyar. Ga mai neman ramewa.

Na ƙi zuwa koyon waƙa sau biyu. Ran Asabar da yamma sai ga sallama, Bulus ne, da sandar sabulu a nannaɗe cikin takarda. Ya ce na wanke rigar ne, kuma shi ma tun ranar abokan aikinsa ba su bar shi ya sha ruwa ba. Mama ta zuba masa tuwon acca da miyar karkashi. Ya dube ni ya ce, "Ke ba za ki ci ba?" Na ci. Ya san lambata har da ta takalmi, kuma ya zauna har aka kira sallar magariba a masallacin unguwa.

Washegarin ranar awon na karya doka na leƙa asibiti. Ɗari da sittin da biyar. Ba abin da na yi tsakanin jiya da yau sai kuka da barci. Sista Rifkatu ta yi dariya har ta dafa bango.

Har yanzu ina tsallen igiyata, ina kuma raguwa, a hankali kamar jirgin kaya a hawan tudu. Wani makon in sauka, wani makon in hau, na daina yi wa kowa shela. Abin da na koya dai ɗaya ne: nauyin gaskiya ba ya gudu tsakanin safe da azahar. Duk sikelin da ya yi miki albishir da gaggawa, 'yar'uwa, rufe bakinki tukuna, ki tambaya wa yake yi wa aiki.