Haladu da Yaƙin Minti Uku

Da sunan Mai iko duka muke buɗe tarihin Haladu ɗan Mato, jikan Ilu mai gyaran fitila, tattaɓa-kunnen Barmo wanda har ya koma ga Allah bai taɓa wuce babba da takalmi a ƙafa ba. Haladu Garkuwan masu cajin waya na Tudun Rimi, sadauki ma'abocin fasaha da balaga, wanda ya gaji ladabi kaka da kakanni.

A shekarar da majalisa ta ƙudiri aniyar gyara dokar bakin titi, labari ya iso cewa sabon sashe zai tashi rumfunan matasa arba'in, har da ta Haladu. Da aka yi shelar zaman jin ra'ayin jama'a, matasa suka ɗora masa tuta. Mako guda yana wasa alƙalami, har ya fito da takarda mai shafi tara, hujja bisa hujja, wadda ko lauya ya gani sai ya gyara zama.

Ranar gwabzawa ya sha shaddar Sallah, ya ratsa masu gadi, rundunarsa na biye tana cewa, "Sai kai, Garkuwa!" Magatakarda ya miƙa masa makirufo, ya ce minti uku gare shi.

Nan fa jinin gidansu ya motsa. Ya dubi babban teburi, manya goma sha ɗaya, kuma wane shi ya taɓa maganar doka bai gaishe su ba? Ya afka wa shugaban kwamiti da barka da hutawa, ya bi ta kan mataimakinsa, ya murƙushe wakilin hakimi da Allah ya ja zamani, ya tsare liman da tambayar gajiya da iyali. A kan na takwas ya lura ya tsallake wata Hajiya. Kunya ta kama shi, ya ba da haƙuri, ya koma ya faro daga farko. Rundunarsa, hankali a tashe, sai nuna masa agogo take, shi kuwa ya ɗauka jinjina ce.

Da ya ƙare da su kaf, ya buɗe shafin farko, ya cika ƙirji da iska, ya ce, "Bayan haka..."

Sai ƙararrawa ta kaɗa.

Shugaban kwamiti, cike da jin daɗi, ya ce an daɗe rabonsa da ganin yaro mai tarbiyya irin wannan. Ya umarci magatakarda ya rubuta cewa matasa sun halarta, kuma ba su zo da wani ƙorafi ba.

Haladu, bawan Allah, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."