Ƙuri'a Biyun Alhaji Barau

Wannan abu a ƙungiyarmu ta dillalan albasa ya faru, kuma da ni aka yi, ba labari aka ba ni ba. Mu tara ne 'yan kwamitin da ke zaɓen shugaba, duk zaɓen da muka yi kuwa sai ya bar gaba. A da ana ɗaga hannu ne, har wani ya daina gaisawa da surukinsa. Muka koma takarda, ashe duk mun san rubutun juna. Bana sai sakatare ya ɗauko mana Malam Nafi'u mai gyaran kwamfuta, mutumin da sai ka yi masa magana goma kafin ya mayar maka da ɗaya. Ya zo da kwamfuta guda da kibod tara, wato allon madannai, ya jona su duka, wayoyi a ƙasa kamar hanjin akuya. Ya ce ya saita ta yadda za ta saurari kowane kibod daban, abin da wannan ya danna ba zai cakuɗe da na wancan ba. Aka jera buhunan albasa tsakanin kujeru don kada wani ya leƙi hannun wani. 'Yan takara biyu ne, duk a cikinmu suke: mai son Alhaji Barau ya danna ɗaya, mai son Malam Ɗahiru ya danna biyu.

Alhaji Barau dai ya ci burin kujerar nan. Ya yanka mana rago, ya bi mu gida-gida da shadda, kowa ya dafa ƙirji ya ce an gama. Har maroƙi ya ɗauko ya zaunar a bakin rumfar zaɓen. Da aka gama danne-danne, Malam Nafi'u ya dubi kwamfuta ya ce Malam Ɗahiru ya lashe da rata mai nisa, Alhaji kuma ƙuri'a biyu. Maroƙi ya saɓa babbar riga ya koma ɓangaren Malam Ɗahiru.

To, ɗaya dai tasa ce, wannan ba gardama. Ta biyun fa? Kafin la'asar mu bakwai ɗin da muka rage kowa ya lallaɓa ya same shi a keɓe, ya ce masa, "Alhaji, ni ne na biyun nan." Har da ni, Allah ya yafe mini. Na ma fi kowa marairaice fuska.

Washegari ya tattara mu kaf, ya tasa mu gaba har shagon Malam Nafi'u.

"Malam, ba kai ka ce na'urar nan ta san kowane kibod daban ba?"

"Ta sani, Alhaji."

"Madalla. Ga su nan, kowa ya ce shi ne. Buɗe ka nuna mini mai amanar, sauran shidan kuma na san abin da zan yi da su."

"Alhaji, zaɓen sirri aka ce. Da ka bar shi a rufe, ya fi wa kowa."

"Wane sirri bayan an ci mini rago? Yau sai na san masoyina. Mutumin nan ko a wuta yake zan shiga in fito da shi!"

Malam Nafi'u ya danna nan, ya danna can, ya gyara tabarau, sannan ya ɗago.

"Ba sai ka shiga wuta ba, Alhaji, duka biyun daga kibod ɗinka suka fito, sau biyu ka danna. Ta biyun ma don tausayi na bar maka ita."